Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna: mutane na tambayar abin da za su ci, wa zai ba su amsa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha, ni mai sayar da littattafai ne a cikin garin Kaduna. Na haura shekara 20 a wannan sana'a. Da tebur na fara a bakin titi, yau Allah ya hore mini ɗan shago. Ban karanta likitanci ba, ban taɓa aiki a asibiti ba. Abin da na sani shi ne littafin da mutane ke zaro kuɗi su saya, da tambayar da suke yi mini kafin su saya. Daga bayan kanta ina ganin wani abu da ba lalle ya iso teburinku ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da can kasuwarmu uku ce: littattafan makaranta, na addini, da na hikaya. A 'yan shekarun nan ta huɗu ta shigo, ta kuma yi ƙarfi, wato littattafan tsarin cin abinci. Wasu bugun Amurka da Ingila ne da ke zuwa mana gwanjo. Wasu an kwafe su ne a nan gida aka buga a takarda mai arha. Akwai kuma 'yan ƙananan ƙasidu da Hausa, shafi 30 ko 40, babu sunan marubuci sai lambar waya a bangon baya. Abin da ke yawo a WhatsApp da TikTok kuwa ya ninka abin da ke kan kantocinmu gaba ɗaya, kuma mafi yawansa daga waɗannan littattafan aka tsakuro shi.

Kowane ɗaya da abokin gabarsa guda. Wannan ya ce duk ciwon duniya daga sitaci yake, a bar tuwo da shinkafa da doya. Wancan ya ce maiƙo ne. Wani ya ce ka duba rukunin jininka, shi zai faɗa maka ko wake abincinka ne ko gubarka. Wani ya ce jininka ya yi tsami, sai ka sha kaza ka daidaita shi. Wani ya ce cikinka cike yake da dauɗa, kwana 7 a kan ruwan 'ya'yan itace zai wanke ta. Masu saye ba sakarkaru ba ne. Malaman makaranta ne, ma'aikatan banki, 'yan kasuwa, matan aure, tsofaffin sojoji. Kusan duk wanda ya zo, ko dai an ce masa yana da ciwon suga ko hawan jini, ko wani nasa ne ke da shi. Tambayarsu ɗaya ce: "Malam, wanne ne zai faɗa mini abin da zan ci?"

Zan faɗa muku abin da ya same ni, domin ba daga nesa nake magana ba. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta daɗe da ciwon suga, tana shan ƙwayoyinta safe da yamma ba fashi. Wata rana ta biyo ta shago ta ga ɗaya daga cikin ƙananan ƙasidun nan, ta ce, "Ƙanena, wannan fa?" Da hannuna na miƙa mata, ban karɓi ko sisi ba. Ƙasidar ta ce a yanke tuwo da shinkafa da koko baki ɗaya, a wuni a kan ruwan ɗumi da lemon tsami da kirfa, da dare a ci ganye. Babu layi ɗaya a cikinta da ya yi maganar wanda ke kan magani. Yaya mace ce mai bin umarni. Ta bi na ƙasida ta bar abinci, ta bi na likita ta ci gaba da shan ƙwaya. Ba a yi kwana 10 ba jikarta ta tarar da ita a ɗaki gumi ya jiƙe ta, jiki na rawa, ba ta gane kowa. Allah ya sa akwai ma'aikaciyar jinya a maƙwabta, ita ta gane cewa suga ne ya faɗi, aka sa ta a Keke aka yi asibiti. Ta tashi, alhamdulillahi. Likitan da ya duba ta ya yi mini bayanin da ban manta ba: irin ƙwayar da take sha tana matsa wa jiki ya fitar da insulin ne, wato sinadarin da ke sauke sugan jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Wanda ya daina ci bai rage maganin ba, sugan jininsa zai iya zubewa har ya suma, wani ma ba ya tashi.

A daren nan na kwashe ƙasidun daga kanta. Amma kwashewar ba ta amsa tambayar Yaya ba. Shekara da shekaru tana zuwa ganin likita, abin da take samu a 'yan mintocin da layi ya bari shi ne, "Hajiya, a rage sitaci, a yawaita ganye." Ban ga laifin ma'aikatan ba, mutum ɗaya ne a gaban mutum 100. Sai dai ita da ta koma gida, malmala nawa ce ragewa? Kunun safe fa? Fura fa? Maƙwabta suka ce ta koma tuwon alkama, ta koma, tana cin malmala biyu da kwanciyar hankali, ba wanda ya gaya mata alkama ma sitaci ce. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Ƙasidar nan ta yi mata magana da Hausa, ta ce mata ci kaza, bar kaza, da ƙarfe kaza. Ku kuwa, da ilimi na gaskiya ke hannunku, ba ku taɓa yi mata magana dalla-dalla haka ba.

Ina da 'ya da ke karanta ilimin abinci mai gina jiki a babbar makaranta. Bayan abin da ya faru, duk hutun da ta zo sai mu zauna da littattafan shagona a gefe ɗaya, da takardun karatunta a ɗaya gefen. Abin da na koya a wannan zama ya girgiza ni.

Maganar rukunin jini wani littafi ne da ya fito a Amurka a 1996 ya yaɗa ta, ya sayu miliyoyi. A 2013 wasu masu bincike a Beljiyam suka tace rubuce-rubucen kimiyya sama da 1,400 suna neman hujjar da ke nuna cin abinci bisa rukunin jini na ƙara lafiya, ba su samu ba. Maganar tsamin jini kuwa, huhu da ƙoda ne ke riƙe da ma'auninsa tsakanin 7.35 da 7.45 dare da rana, kuma ruwan lemon tsami ba ya gusar da shi. Ranar da ya gusa da gaske, mutum gadon asibiti yake. Tsarin nan na barin sitaci kusan gaba ɗaya a koma maiƙo, wanda ake kira keto, likitoci ne suka tsara shi a Amurka a 1921 don masu farfaɗiya, musamman yara, kuma ƙarƙashin kulawar asibiti ake yin sa. Wankin ciki kuma aikin hanta da ƙoda ne, Allah ya riga ya ɗora musu.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin da Jami'ar Stanford ta Amurka ta buga a 2018. Mutum 609 aka raba gida biyu, rabi suka rage maiƙo, rabi suka rage sitaci, aka bi su shekara guda cur. Duka ɓangarorin an ce musu su yawaita ganye, su rage sukari da farar fulawa, su riƙa girki a gida. Da shekara ta cika, masu rage maiƙo sun sauke kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6. Bambancin bai taka kara ya karya ba. A cikin kowane ɓangare akwai wanda ya sauke kilo kusan 30, akwai wanda ƙiba ma ya ƙara. To ku duba: wannan rigimar ta sitaci da maiƙo ita ce ta cika rabin kantata, kowane marubuci na rantsuwa nasa ne kaɗai daidai.

A nan na gane bambancin littafin kasuwa da bincike. Littafi yana nuna maka hoton mutum biyar da abin ya yi wa kyau. Ba ya nuna maka ɗari biyar da suka gwada suka watsar a mako na uku, ko waɗanda suka rame a wata biyu suka dawo da ƙibar da ta fi ta da. Ba ya nuna maka Yaya a cikin Keke. Bincike kuwa kowa yake ƙirgawa, har wanda ya gudu, kuma yana jira a ga ƙarshe, don ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Marubucin littafi yana cin riba ne ranar da ka saya. Ko ka warke ko ba ka warke ba, cinikinsa ya faɗa. Ni ma da nake sayarwa haka ne, kuma na san nauyin wannan a wuyana.

Ba ina cewa komai na cikinsu ƙarya ba ne. Da ƙarya zalla ce da ba su yi tasiri ba. Kusan dukkansu suna cewa a rage sukari da lemon kwalba da kayan fulawa, kuma wannan gaskiya ce. Wanda ya bi haka zai ji sauƙi a jikinsa, sai ya ɗauka sirrin rukunin jini ne ko na kirfa. Ba kuma ina roƙon ku hana sayar da su ba. Hani ba zai kai cikin wayar mutane ba, sai ma ya ƙara wa abin farin jini. Ina cewa ne idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fili kuka bari, wasu suka shiga.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Waɗannan littattafai an rubuta su ne don ƙasashen da abinci ya yi wa yawa. Mu a nan cuta biyu ce ke kwana a gida ɗaya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Ya nuna kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Binciken nan dai shi ya nuna kashi 28 na matan suna da ƙibar da ta wuce kima. A gida ɗaya a Rigasa ko Tudun Wada za ka tarar da kaka mai hawan jini, uba mai tumbi da suga, uwa mai juna biyu da jininta bai kai ba, da yaron goye da awon damtsensa ya kusa shiga ja, alamar tamowa. Tukunya ɗaya suke ci. Idan littafin da aka rubuta don ma'aikacin ofis a Landan ya shiga wannan gida ya ce a bar wake, ko gyaɗa, ko nono, wa ya cuta? Wake shi ne naman talaka. Na ga mai jego ta zo neman littafin rage teɓa jaririnta bai yi arba'in ba. A ɗaya gefen kuma ga 'yan mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe don su yi jiki kafin biki, wanda ba ruwan littattafan Turawa da shi, ba su ma san da shi ba, amma yana nan yana ɓata ƙoda da ƙashi da sugan 'ya'yanmu.

Sannan ku dubi abin da suke cewa a ci: man zaitun, 'ya'yan almon, kifin da sai a babban kanti cikin firiza. Mai karatu ya rufe littafi da tunanin lafiya ta masu kuɗi ce. Alhali ranar Talata a kasuwar Kawo, ko kowace safiya a Bakin Dogo, ga zogale da rama da yakuwa da alayyafo, ga kuka da kuɓewa, ga wake da waken suya da gyaɗa da riɗi, ga gero da dawa, ga acca daga kudancin jiha, ga gauta da yalo da kabewa. Kwaɗon zogale da ƙuli, fate da ganye, dambu, ɗanwake, alale, awara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci gram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ba ta ce sai na ƙasar waje ba. Amma ba wanda ya zauna ya fassara wa matan Kaduna gram 400 zuwa kwano da ludayi da ƙullin ganye na naira kaza.

Ranku ya daɗe, ku kun fi ni sanin cewa manyan nasarorin da aka samu a wannan fanni ba ta hanyar karatun littafi aka same su ba. Ina yaro, maƙoƙo ba abin kallo ba ne a ƙauyukanmu, ka ga mace da ƙullutu a wuya kamar ƙwarya. Yau sai ka daɗe ba ka gani ba. Dalili shi ne tun 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin a gishirin ƙasar nan. Ba wanda aka ce ya canza hali, ba wanda ya sayi littafi. Tsohuwa a Birnin Gwari da manomi a Sanga duk sun samu, ko sun yi boko ko ba su yi ba. Haka a 2002 aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki, shi ne tambarin idon nan da ke jikin leda. Haka makon lafiyar mata da yara da kuke yi sau biyu a shekara, ana ɗiga wa yara bitamin A ana ba su maganin tsutsar ciki. Haka hutun haihuwa na wata 6 da jihar nan ta ba ma'aikatanta mata a zamanin gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i. Shekara nawa ana ce wa uwa ta shayar da nono zalla wata 6, amma ana kiran ta ofis a wata na uku? Wannan mataki ɗaya ya fi wa'azi dubu.

A waje ma haka abin yake. A yankin Karelia ta Arewa a ƙasar Finlan, mutuwar magidanta da ciwon zuciya ta yi yawa har jama'a suka kai kuka, aka fara wani shiri a 1972. Ba su tsaya ga nasiha ba. Sun zauna da ƙungiyar matan gida, da masu sarrafa madara da nama, da masu gidan burodi, aka rage gishiri da kitse tun daga inda ake yin abincin, aka yaƙi taba. Cikin shekara 40 mutuwar maza masu shekarun aiki da ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. A Ingila an matsa wa kamfanoni suka riƙa rage gishiri a burodi da sauran kayan leda kaɗan-kaɗan, harshe bai ma lura ba, gishirin da mutum ke ci a rana ya sauko daga gram 9.5 a 2003 zuwa 8.1 a 2011.

Mu gishirinmu ba a burodi kaɗai yake ba, a tukunya yake. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada babba ya kai gram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ɗunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, kuma mun san yadda ake yi: a jefa huɗu ko biyar, a ƙara gishiri, a kawo yaji mai magi a gefe, da dare a ci tsire an barbaɗa wani. Yara kuma ga taliyar leda da garin ɗanɗanonta. Ban taɓa sayar da littafin abinci ɗaya da ya yi maganar magi ba, domin marubutan ba su san tukunyarmu ba. Hawan jini kuwa shi ke kai mutanenmu ga shanyewar ɓarin jiki da wankin ƙoda, abin da ke cinye gida da gona.

Sukari ma haka. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kimanin gram 50 ga babba, kuma babbar robar lemo guda tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Naira 10 a lita, a kasuwar yau, wa zai ji ta? Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi sai farashi ya ɗaga da kamar kashi 20 cikin 100 kafin a ga sauyi. Na san wannan hurumin tarayya ne, amma kuna da kujera a majalisar lafiya ta ƙasa, kuna da baki. Kuma abin da ke hannunku ba kaɗan ba ne. Wa ke sayen abincin makarantun kwana na jiha? Wa ke ba da izinin abin da ake sayarwa a harabar asibiti da makaranta? Wa ke yin odar katan-katan na lemo a duk taron bita, har da taron da aka kira don yaƙi da ciwon suga? Man da talaka ke saye na awo ne a kwalba, sukarinsa na mudu ne, gishirinsa na buɗe a rana. Wa ke zagayawa ya gwada ko sinadaran da doka ta ce a sa suna ciki?

Babban roƙona shi ne littafi. Ƙasar nan tana da jagorar cin abinci da aka buga tun 2001, kuma a duk shekarun da na yi ina sana'a ba ta taɓa ratsowa ta hannuna ba. Ku ba mu namu na jihar Kaduna. Ƙarami, mai arha, da Hausar da ake ji a Zariya da Kafanchan, a boko da ajami, da Turanci mai sauƙi, a kuma karanta shi a murya da Fulatanci da Gbagyi da Jju da Tyap don a tura ta waya. A yi awo da malmala da ludayi da gwangwani. A bi damina da rani, lokacin da ganye ke arha da lokacin da sai busasshe. A yi shafin mai suga, na mai hawan jini, na mai ciki, na yaron da ya cika wata 6 za a fara ba shi kunu, a nuna yadda ake haɗa garin gero da waken suya da gyaɗa. A yi shafin azumi, na Ramadan da na 'yan'uwanmu Kirista, domin a nan masu shan maganin suga suka fi shiga haɗari. A rubuta da manyan baƙaƙe a shafin farko cewa wanda ke kan magani kada ya yanke abinci sai ya ga likita. Wannan layi ɗaya da ya ishe Yaya.

Masu rubutawa ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da asibitinta na Shika, ga asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ta san kowane irin wake da dawa da masara da muke nomawa, har da masarar nan ruwan lemo mai bitamin A. Amma don Allah a zaunar da matan da ke girki a teburin, da mai tuwo-tuwo, da mai koko da ƙosai. Su za su ce muku wannan ba zai dafu ba, wancan maigida ba zai ci ba. Kuma kada tambarin kamfanin lemo ko na magi ya hau bangon, ko da su za su biya kuɗin bugu.

Ku kuma faɗi gaskiya a cikinsa game da abin da ya tabbata da wanda ake kan bincike. Masu saye suna yawan ce mini, "Su ma likitocin yau su ce kaza, gobe su ce kaza." Suna da hujja. An daɗe ana tsorata mutane da ƙwai, sai a 2015 Amurka ta cire iyakar da ta sa a jagorarta kan kolestarol na abinci. 'Yata ta ce mini wannan ba abin kunya ba ne, ilimin da ke gyara kansa idan hujja ta zo shi ne abin yarda. Na gamsu, amma sai da aka yi mini bayani. Ku yi wa jama'a irin wannan bayanin. Akwai kuma abin da za ku faɗa da ƙarfin gwiwa. A wani gwaji na mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka buga a Amurka a 2002, waɗanda aka taimaka wa suka rage kimanin kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, suna tafiyar ƙafa minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin suga ta metformin, nasu ya ragu da kashi 31. Mai kilo 80 ya sauke biyar ko shida, ya yi tafiyar rabin awa kwana biyar a mako. Ba a hana su wani abinci ɗungurungum ba. Amma ku lura, ba takarda aka miƙa musu aka sallame su ba, an ba su masu bibiyarsu.

Wannan ya kawo ni cibiyoyin lafiya 255 da jiha ta ware, ɗaya a kowace mazaɓa. A samu abin awon jini da na suga masu aiki, da tsinken gwaji da ba ya yankewa. A samu rana ɗaya a mako da masu suga da hawan jini za su zauna rukuni, ma'aikaci ɗaya ya yi musu bayani da kwano da malmala a gabansa, kamar yadda ake yi wa mata ranar awon ciki. Sai rediyo. Mutanen jihar nan masu sauraro ne, tun zamanin da Rediyon Kaduna ke kaiwa har ƙasashen maƙwabta. Yau masu tallan maganin da ke warkar da cuta 40 su ke sayen fili, motocinsu masu lasifika su ke zagaya tasha da kasuwa. Suna ɗaga kwalba su ce ga lambar NAFDAC, jama'a ba su san cewa a yawancin magungunan gargajiya lambar tana nufin an duba ba ya cutarwa ne, ba a tabbatar yana warkarwa ba, kuma haka aka rubuta a jikin kwalbar da ƙananan baƙaƙen Turanci. Ku karɓi awa ɗaya a mako a KSMC, gidan rediyon jiha, a buɗe waya, ƙwararre ya amsa tambayar tuwo da miya.

Ban manta da tsada ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Wanda ke neman abin da zai sa a ciki ba a yi masa maganar zaɓi. Don haka wannan aiki ba naku ku kaɗai ba ne, sai da ma'aikatar gona da ta ilimi da ta kasafi. Kuɗin da aka rubuta wa abinci mai gina jiki a kasafi a sake shi, maganin tamowa kada ya yanke a cibiyoyi. Kuma abin da kuka auna ku faɗa mana, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, duka 23, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Abin da ya raba ku da mai ƙasida ke nan, ku ana iya bin sawunku a tambaye ku.

Yaya tana nan da sauƙi. An canza mata magani, tana cin ƙaramar malmala ɗaya da miya mai yawa, wake kusan kullum, ta daina sa sukari a koko, tana takawa da ƙafa zuwa Islamiyya. 'Yata ce ta rubuta mata tsarin da hannu a takarda biyu, aka kai wa likitanta ya duba ya gyara. Yanzu ƙawayenta sun ji labari, suna zuwa shago suna cewa in yi musu hoton takardar. Ina hana su, domin an rubuta ta ne don mace ɗaya da maganinta, kuma na riga na ga abin da takarda ke yi idan ta faɗa hannun da ba nata ba. Suna tafiya ransu ba daɗi, na kuma san daga wurina wani shagon suke nufa.

Gurbin da na kwashe ƙasidun nan yana gaban kanta, daidai inda ido ke fara sauka, ban sa komai a wurin ba har yau. Ranar da kuka buga naku, ku sanar a rediyo inda ake karɓa. Zan zo da kaina in ɗauki kwafi 200 na farko, in sayar a kuɗin da kuka yanka ba tare da na ɗora ko kwabo ba, kuma zan bi abokan sana'ata shago-shago in roƙe su su yi haka.

Allah ya taimake ku a kan wannan amana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Naku,
Wani mai sayar da littattafai, Kaduna